“Ku Dawo Jibi”: Abin Da Ke Faruwa A Lab Bayan An Goga Auduga A Maƙogwaro

A hunturun da ya wuce, ina hutu a gida Jajaye, autanmu mai shekara 11 ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Ko koko ya kurɓa sai ya runtse ido. Ba ya tari, ba ya majina, amma da na haska bakinsa da fitilar waya sai na ga cikin maƙogwaron ya yi jawur, ga wani fari-fari a gefe da gefe. Kakarmu ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Baba ya ce a je kemis a sayo kafso. Ni kuma da nake karanta ilimin ƙananan halittu a jami'a na roƙa a kai shi asibiti. Da yake dama Baba zai mayar da ni Kano a makon, sai aka taho da shi.

Likita ya yi masa gwajin maleriya, babu. Ya tura mu ɗakin gwaje-gwaje, wanda kowa ya fi sani da lab. Wata ma'aikaciya ta danne harshen yaron da ɗan katako, ta goga auduga mai dogon tsinke a cikin maƙogwaronsa, ta saka ta a kwalba, sannan ta ce, “Alhaji, ku dawo jibi.”

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce, “Jibi? Baiwar Allah, daga Jajaye fa muke, can ƙasar Rogo. Gwajin maleriya ko minti ashirin bai yi ba.”

Ta yi murmushi ta ce, “Ku yi haƙuri Alhaji. Wannan ba dubawa za mu yi ba, shuka za mu yi. Sai ta tsiro.”

Baba manomi ne, don haka maganar ta shige shi, muka kwana biyu a gidan gwaggonmu. Ɗalibai 'yan'uwana, abin da ke faruwa cikin waɗannan kwana biyun nake so mu duba yau, domin ciwon ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, wato ku da ƙannenku.

Wace ƙwaya ake nema?

Yawancin ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce ke kawo shi, irin mai kawo mura. Wannan yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki, kuma kafso ba ya yi masa komai. Amma a cikin yara goma masu ciwon maƙogwaro, biyu zuwa uku wata bakteriya ce ta kama su mai suna Streptococcus pyogenes, wadda ma'aikatan lafiya ke taƙaitawa da sitiref. Idan aka dube ta a madubin ƙara girman ƙananan halittu, ƙwayoyinta kewayayyu ne, suna jere da juna kamar carbi.

Dangin sitiref suna da yawa, kuma ba duka ne mugaye ba. Wata daga cikinsu, Streptococcus thermophilus, da ita ake haɗa yogot. Wasu kuma suna zaune a bakin kowannenmu ba tare da sun cutar da mu ba. A shekarar 1933 wata masaniya a birnin New York na Amurka, Rebecca Lancefield, ta rarraba dangin zuwa rukuni-rukuni da haruffa. Wadda ke kawo ciwon maƙogwaron nan ita ce ta rukunin A.

Likita ba zai iya rantsuwa da ido kaɗai cewa sitiref ce ko bairos ba. Akwai dai alamomin da ke sa ya yi zargi: zazzaɓi, ciwon da ya zo farat ɗaya, mugunya a gefen maƙogwaro, kumburi mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, da rashin tari. Tabbaci kuwa sai lab.

Gonar da ke cikin faranti

Audugar da aka goga tana ɗauke da ƙwayoyi iri-iri, kuma ba a ganin ko ɗaya da ido. Dabarar ita ce a ba su abinci da ɗumi su hayayyafa har su yi tarin da ido zai gani.

Gonar wani ɗan faranti ne mai murfi, faɗinsa kamar tafin hannu. Ana kiransa farantin Petri, da sunan Julius Petri, Bajamushen da ya fito da shi a 1887. A cikinsa akwai wani abu mai kauri kamar kamu ya daskare, ana ce masa aga, daga ciyawar teku ake samo shi. Wata mata, Fanny Hesse, wadda mijinta ke aiki tare da shahararren masanin nan Robert Koch, ita ta kawo shawarar a yi amfani da shi a farkon shekarun 1880, domin ta san shi a kicin kuma ta san ba ya narkewa da zafin jiki. Don neman sitiref, ana gauraya agar da jinin tunkiya, kashi 5 cikin 100, sai farantin ya fito ja.

Ma'aikaciyar lab za ta goga audugar a gefe ɗaya na farantin. Sai ta ɗauki wata siririyar waya da aka ƙona a wuta, ta riƙa jan layi daga wurin zuwa sauran farantin, sashe bayan sashe. Kowane ja yana rage yawan ƙwayoyin, har a sashen ƙarshe kowace ƙwaya ta zauna ita kaɗai. Kamar dai manomi ne da ke ba da tazara tsakanin rami da rami don kada shuka ta cushe. Wasu kuma sukan soka wayar cikin agar sau biyu ko uku, domin ɗaya daga cikin dafin da sitiref ke fitarwa ba ya son iska, ya fi aiki a ƙasa.

Daga nan sai a kife farantin a saka shi a akwatin ɗumi, wato inkubeta, ɗan'uwan injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ana saita zafinsa a digiri 35 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyos, daidai da zafin jikin mutum, inda ƙwayar ta saba zama. A wasu lab ɗin ana saka farantan a cikin gwangwani tare da kyandir mai ci, a rufe. Kafin kyandir ɗin ya mutu ya rage iskar oksijin ya ƙara ta kabon, yanayin da ƙwayar ke jin daɗinsa.

Lissafin da ya sa dole a kwana

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Bakteriya ba ta haihuwa, rabuwa take yi gida biyu. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Don sauƙin lissafi mu ɗauka tana rabuwa sau ɗaya a kowace awa.

Bayan awa 5, ƙwaya ɗaya ta zama 32. Bayan awa 10, ta zama 1,024. Har yanzu in ka kalli farantin ba za ka ga komai ba. Bayan awa 15, ta zama 32,768. Sai a awa ta 20 za ta kai 1,048,576, wato ta haye miliyan ɗaya. A daidai nan ne tarin ke fara fitowa kamar kan allura. Wanda ya buɗe akwatin bayan awa 10 zai ce babu komai, alhali rabin lokacin ne ya wuce, ba rabin aikin ba. Kusan duk yawan yana zuwa ne a 'yan awannin ƙarshe.

Shi ya sa ƙa'idar lab ta ce a fara duba farantin bayan awa 18 zuwa 24. Babu kuɗin da za ka biya a gaggauta wannan. In aka ƙara wa akwatin zafi don a yi sauri, ƙwayar mutuwa za ta yi. Duk wanda ya taɓa ganin kaza na kwanci ya san kwana 21 take yi, ko mai ita na gaggawa ko ba ya yi. Haka mai kindirmo takan zuba ɗan tsohon nono a madara da yamma ta rufe ƙwarya, ba ta buɗewa sai gari ya waye. Ita ma bakteriya take jira.

Abin da ake gani da safe

Washegari ma'aikaciyar za ta ɗaga farantin ta fuskanci haske. Zai cika da ɗigo-ɗigo iri-iri, domin ƙwayoyin da ke zaune a baki lafiya su ma sun tsiro. Abin da take nema shi ne yadda kowane ɗigo ya yi da jinin da ke kewaye da shi. Wasu ba su taɓa jinin ba, wurin na nan ja. Wasu sun sauya shi ya yi kore-kore, waɗannan galibi 'yan gida ne. Sitiref ta rukunin A kuwa fasa jajayen ƙwayoyin jinin take yi ƙarƙaf, sai ka ga ɗan ɗigo fari da zobe garau a kewaye da shi, har kana iya hango yatsanka ta cikinsa.

Ganin zoben bai isa ba, domin akwai wasu ƙwayoyin da ke yin irinsa. Sai ta ɗebi ɗigon ta saka a ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi. In ya yi kumfa, ba sitiref ba ce. In bai yi ba, sai a ci gaba. A lab da yawa ana sake shuka ɗigon shi kaɗai a sabon faranti, a ɗora masa wata 'yar takarda mai maganin basitirasin. Rukunin A ba ya iya tsirowa kusa da takardar. Wannan ma sai an sake kwana.

To, in an duba da safe ba a ga zobe ba fa? Ba a rubuta “babu” nan take. Ana mayar da farantin ya ƙara awa 24, ya cika awa 48. Dalili kuwa, wani lokaci ƙwayoyin da audugar ta kwaso kaɗan ne, ko kuma 'yan gida sun rufe su, ko zoben bai gama fitowa ba. Kwana na biyu yana tono wasu da za a rasa da an tsaya a na farko. Haka aka yi da na autanmu. Ma'aikaciyar ta gaya mini cewa a safiyar farko ta ga ɗigo biyu da take shakka a kansu, ta ware su, a ta biyu suka bayyana sarai.

Wani zai ce, to a bar shi mako guda mana. A'a. In ya wuce kwana biyu, 'yan gida sun mamaye farantin, jinin ya fara lalacewa da kansa, karatun ya rikice. Kowace ƙwaya da agogonta. Shukar jini takan ɗauki kwana 5 zuwa 7 kafin a ce babu komai. Ta tarin fuka, wadda ke rabuwa sau ɗaya a cikin awa 15 zuwa 20, takan kai mako 6 zuwa 8.

A ƙasarmu akwai ƙarin wahala: akwatin ɗumi da lantarki yake aiki. In wuta ta ɗauke cikin daren hunturu, babu janareto ko sola, farantin zai huce, ƙwayoyin su rage gudu. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ƙara musu lokaci maimakon ya ba da sakamakon da bai nuna ba.

Akwai kuma gwajin gaggawa mai kama da na maleriya, wanda ke fitowa cikin minti 10 zuwa 15. In ya ce akwai, an yarda da shi. In ya ce babu a jikin yaro, ana so a tabbatar da shuka, domin yakan tsallake wasu. Kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ciwon maƙogwaro?

Ciwon da sitiref ke kawowa yakan lafa cikin kwana uku zuwa biyar ko ba a sha magani ba. Haɗarin na zuwa ne daga baya. A jikin wasu yaran, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice, domin wasu sassan ƙwayar sun yi kama da naman jikinmu. Mako biyu zuwa uku bayan an manta da ciwon, sai zazzaɓi ya dawo da ciwon gaɓoɓi mai yawo: yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Wani yaron hannuwansa da fuskarsa su riƙa motsi ba da sonsa ba, har a ce iska ce. Likitoci na kiran wannan zazzaɓin rumatik.

Gaɓoɓin suna warkewa. Zuciya ce ba ta mantuwa. A cikinta akwai ƙofofi huɗu da ke buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Kowane zuwan zazzaɓin yana iya barin tabo a kansu, har ƙofa ta ƙi rufewa ko ta tsuke. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki in ya yi 'yar tafiya, ko mace ta shiga haɗari lokacin goyon ciki. Gyaran ƙofar zuciya tiyata ce mai tsadar da ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, kuma yana kashe sama da 300,000 duk shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta. A watan Mayun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. Mu ma yana tare da mu. A 2007 wasu likitoci uku a Kano, Mahmoud Sani da Kamilu Karaye da Musa Borodo, suka wallafa binciken da suka yi a kan hotunan zuciya 1,312. A cikinsu 129, kusan ɗaya cikin goma, wannan ciwon ne, mata sun fi yawa, kuma akasarinsu matasa.

Abin farin ciki shi ne maganin rigakafinsa mai araha ne. A 1950 likitoci a wani sansanin sojan sama da ke jihar Wayomin ta Amurka suka nuna cewa in aka ba mai ciwon sitiref penisilin, da wuya zazzaɓin rumatik ya biyo baya. Bincike na gaba ya nuna cewa ko an fara maganin a cikin kwana 9 da fara ciwon, yana kare zuciya. Ku lura da wannan adadin: jiran awa 48 yana cikin kwana taran. Ba a makara ba. Kuma har yau penisilin na kashe wannan ƙwaya. Ana shan ƙwayar penisilin ko amoksisilin kwana 10 cur, ko a yi allura guda ɗaya mai daɗewa a jiki.

Kurakurai uku da muke yi

Na farko, shan kafso kafin a je asibiti. Ko ƙwaya biyu ka sha, suna iya hana sitiref tsirowa a faranti. Lab zai ce babu, alhali tana nan. In ka riga ka sha, ka faɗa wa likita gaskiya.

Na biyu, ajiye magani da an ji sauƙi. Autanmu ya warware a kwana na uku, ya ce shi ya gama. Sai da Inna ta riƙa tsare shi safe da yamma har kwana goman suka cika. Jin sauƙi daban, mutuwar ƙwayar gaba ɗaya daban.

Na uku, yankan beli. Kakarmu da soyayya ta kawo shawarar, haka ta taso ta gani. Amma ƙwayar ba a beli take kaɗai ba, yanke shi ba ya kashe ta. Ga haɗarin zubar jini, ga cutar da aska ke iya ɗauka daga wani zuwa wani.

Akwai kuma lokacin da ba a jira ko kaɗan. Tun ƙarshen 2022 jihar Kano ta sha fama da annobar mashaƙo, wadda ita ma da ciwon maƙogwaro take farawa. In ka ga wani abu toka-toka kamar fata ya lulluɓe maƙogwaro, ko wuya ya kumbura, ko numfashi na ƙara, ko yaro ya kasa haɗiye yawu, a garzaya asibiti a daren. A nan likita zai fara magani kafin sakamako ya fito. Haka kuma a asibitocin karkara da ba a yin shuka, ma'aikacin lafiya zai duba alamomi ya yanke hukunci, kuma wani likitan yakan fara magani bayan an goga audugar, sakamakon ya zo ya tabbatar ko ya sa a dakata. Abin da ake so shi ne mai ilimin abin ya yanke, ba kai da aljihunka a gaban kanta ba.

Ga 'yan makarantar kwana

Sitiref na yaɗuwa ta tari da atishawa da yawu, kuma ta fi samun dama inda ake cunkoso, kamar aji da ɗakin kwanan ɗalibai. Kada ku riƙa karɓa-karɓar kofi da cokali da mai ciwon maƙogwaro. Ku wanke hannu da sabulu. In ciwon ya zo da zazzaɓi babu mura, ku je wurin nas ɗin makaranta a ranar. Wanda ya yi awa 24 yana shan maganin da ya dace, yawanci ya daina yaɗa ta. In kuwa ku ko wani abokinku ya fara ciwon gaɓoɓi mai yawo makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro, ku gaya wa likita duka biyun, domin haɗa su shi ne mabuɗin gane cutar.

Mai sha'awar ganin aikin bakteriya da idonsa na iya gwadawa a gida ba tare da haɗari ba. Ku tafasa madara ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, ku raba ta kofi biyu, ku zuba cokali guda na kindirmo a kowanne. Ɗaya ku lulluɓe shi da zane a wuri mai ɗumi, ɗayan ku ajiye a kan jiƙaƙƙen yashin randa. Ku riƙa dubawa duk bayan awa uku kuna rubuta abin da kuka gani. Za ku gane da kanku abin da zafi da lokaci ke yi. Amma kada ku gwada shuka yawu ko majina a gida, wannan aikin lab ne. Wanda aikin ya burge shi kuma, ya riƙe Bayoloji da Kimistiri da Fiziks da kyau. Digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti shekara 5 ne, kuma ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ranar da muka koma, ma'aikaciyar ta ɗauko farantin a rufe, ta ɗaga shi ta nuna wa Baba zoben ta bayan gilashi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Ikon Allah. Wannan ɗan abin ne ya hana yaron nan cin tuwo?” Ta ce shi ne. Ya karɓi takardar, muka nufi wurin likita. Da muka koma Jajaye kakarmu ta tambaye shi abin da aka gani, ya ce mata, “Inna, shuka suka yi, kuma ta fito.”